Yadda Ake Zama Mai Gabatar da Labarai a Talabijin, Daga Aji Zuwa Kujerar Sitidiyo

Tambayar da matasa suka fi yi mini a nan Jos, ko a wurin ɗaurin aure ko a harabar makaranta, ita ce yadda mutum zai yi ya zama mai karanta labarai a talabijin, kuma sau da yawa uwa ce ke kawo 'yarta har gida tana cewa, "Malam, ga ƙanwarka nan, Allah ya ba ta murya, a ɗora ta a hanya." Amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye a bakin zaure, shi ya sa na ga gara in rubuta ta bi da bi. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne kujerar da ake gani a sitidiyo ita ce matakin ƙarshe na aikin, kuma babu tashar kirki da za ta ɗora mutum a kanta alhali bai taɓa neman labari da ƙafarsa ba, bai taɓa rubuta shi ba, edita bai taɓa dawo masa da takardarsa jajawur da jan biro ba. Matakan nan bin juna suke yi, wanda ya tsallake ɗaya zai dawo ya biya bashinsa daga baya. Ina cewa "ka" ne domin sauƙin rubutu, amma maganar ta shafi mata da maza, inda aka bambanta kuma zan faɗa.

Mataki na 1: Takardun sakandare

Ana buƙatar kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, kuma galibin jami'o'i suna ƙara sharaɗin Adabin Turanci ga mai neman sashen koyon aikin jarida. Idan makarantarku tana koyar da Hausa, ka sa ta cikin darussan da za ka rubuta, domin ƙa'idojin rubutun da za ka koya a can za su yi maka rana nan gaba. Kuɗin rajistar JAMB a 2025 bai kai naira 10,000 ba, saboda haka ba a nan nauyin aljihu yake ba.

Gargaɗi: ka duba darussan da makarantar da ka zaɓa take so a ƙasidar JAMB kafin ka cike fom, kada ka bar wa mai cike fom a cibiyar rajista ya zaɓa maka. Akan ci maki mai kyau a rasa gurbi saboda haɗin darussa bai dace ba, shekara guda ta tafi a banza.

Mataki na 2: Zaɓen makaranta

A nan ɗan Jos ya yi sa'a, domin abin da wasu ke niƙo gari daga nesa suna nema yana ƙofar gidansa. Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Rayfield, wadda aka kafa a 1980, aikinta ke nan, tana ba da difloma, tana kuma ba da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Jami'ar Jos tana koyar da aikin jarida, haka ma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Filato, sannan ga Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa ga wanda hankalinsa ya fi karkata ga kamara da tace hoto. Wanda ke son zurfafa a ɓangaren Hausa kuwa, Jami'ar Bayero ta Kano ta cancanci ya duba ta. A 'yan shekarun nan hukumar kula da jami'o'i ta rarraba kwas ɗin aikin jarida gida-gida, don haka ka tabbata ɓangaren rediyo da talabijin ko na aikin jarida ka zaɓa, domin na talla da na hulɗa da jama'a wata hanya daban suka nufa.

Kafin ka biya ko sisi, ka je makarantar da kanka, ka nemi ɗan shekarar ƙarshe ka tambaye shi sau nawa ya riƙe kamara, kuma sitidiyonsu yana aiki ko a kulle yake sai ranar da baƙi suka zo. Kuɗin makaranta yana sauyawa kusan kowace shekara, saboda haka daga ofishin makarantar za ka karɓi adadin, sannan ka ɗora kuɗin kwana da na mota da na data da na ayyukan gwaji, waɗanda su ne ke cin ɗalibi a hankali. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana biya wa ɗaliban manyan makarantun gwamnati da ke cikin tsarinsa, sai ka tambaya ko taku tana ciki.

Wanda ya riga ya karanta lauya ko tattalin arziki ko Hausa ko kimiyyar siyasa kada ya ɗauka ya makara. A ganina ma ya fi wasu riba, domin yana da fannin da ya sani ciki da bai. Abin da ya rage masa shi ne diflomar bayan digiri, irin wadda ake yi a jami'o'i ko a makarantar aikin jarida ta ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, wato NUJ, da ke Abuja.

Mataki na 3: Gyaran harshe

Wannan mataki ba a jiran makaranta a kansa, yau ake fara shi. Mu da muka tashi a Jos mun san Hausar Terminus da Farin Gada, wadda ta haɗa Bahaushe da Berom da Ngas da Ibo a ciniki ɗaya. Tana da sauri tana da daɗi, amma ba ta damu da raba namiji da mace ba, kana iya jin "matana ya zo" ko "motan ya lalace" ba wanda ya ɗaga kai. A labarai kuwa daidaitacciyar Hausa ake so, "matata ta zo", "motar ta lalace", domin mai kallo a Katsina ko Gusau ko Maraɗi daga jumlar farko zai yanke maka hukunci. Sai haruffa masu lanƙwasa. Wanda ya karanta baƙi ya ce baki, ko ƙafa ya ce kafa, ko ɓari ya ce bari, ya canza labarin gaba ɗaya. Bayan su akwai karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutunmu ba ya nunawa. Fari na launi da fari na rashin ruwan sama haruffansu ɗaya, haka gari na mazauni da gari na tuwo, saboda haka dole ka karanta jumlar har ƙarshe a zuci kafin ka buɗe baki.

A ɓangaren Turanci, babbar matsalar Bahaushe ita ce P da F. Mu Filato muke cewa, kuma daidai ne a labaran Hausa, amma a labaran Turanci dole leɓe ya haɗu a farkon sunan jihar da na Pankshin. Mai iya harsunan biyu yana da ƙofa biyu a kowace tasha, kuma shi ne na ƙarshe da ake sallama idan an zo rage ma'aikata.

Ga atisayen da nake ba kowa. Kowace safiya ka ware minti 15, ka ɗauki labari ɗaya daga Aminiya da ɗaya daga Daily Trust, ka karanta da ƙarfi kana naɗa a waya, sannan ka saurara kamar wani ne yake magana. Kafin karatun ka ja gajeren layi a inda za ka ja numfashi, ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da ke ɗauke da nauyin jumla. Numfashi daga ciki yake fitowa, idan kafaɗunka na ɗagawa to sama-sama kake shaƙa kuma za ka sarƙe a tsakiyar doguwar jumla. Ma'aunin da ake aiki da shi a Turanci shi ne kalma 3 a daƙiƙa guda, Hausa kuma takan so a ɗan sassauta. Ka riƙa sauraron sashen Hausa na BBC da DW da Rediyon Najeriya na Kaduna domin ka ji yadda ake gina jumla da inda ake tsayawa.

Sannan ka buɗe littafin sunaye. Jihar nan ƙananan hukumomi 17 gare ta, daga Bassa da Riyom da Bokkos har Qua'an Pan da Mikang, ga sarautu irin su Gbong Gwom Jos da Long Goemai da Ponzhi Tarok da Ngolong Ngas da Mishkaham Mwaghavul. Kowane suna ka nemi ɗan ƙabilar ya furta maka, ka rubuta yadda ka ji shi. Ɓata sunan basarake a labarai ba ƙaramin laifi ba ne a wurin mutanensa, kuma wayar tasha ce za ta sha kira.

Gargaɗi: kada ka ari lafazin Amurka ko na Ingila, kada kuma ka kwaikwayi muryar wani fitaccen mai gabatarwa, edita yana gane muryar aro kafin ka gama kanun labarai. A hunturun Jos na Disamba da Janairu kuma ka riƙe ruwan ɗumi, ka rufe wuya, ka ƙaurace wa ruwan ƙanƙara.

Mataki na 4: Rubutu domin kunne

Mai karanta jarida yana iya komawa layin baya idan bai gane ba, mai kallon talabijin sau ɗaya yake ji, ƙila ma yana cin tuwo yara na ihu a gefe. Saboda haka magana ɗaya ake sa wa jumla ɗaya, a fara da wanda ya faɗi maganar kafin maganar, a sa muƙami kafin suna, a kuma dunƙule lambobi. Naira 1,987,450,000 a bakin mai gabatarwa "kusan naira biliyan 2" ce. Ga misali na gwaji. Sabon shiga zai rubuta: "Manoman dankalin turawa da dama, waɗanda suka fito daga ƙananan hukumomin Bokkos da Mangu, waɗanda kuma ke kokawa kan tsadar taki, sun yi kira ga gwamnati, a wani taro da suka gudanar jiya, da ta kawo musu ɗauki." Gwada karanta wannan da numfashi ɗaya ka ji. Wanda ya goge zai ce: "Manoman dankali a Bokkos da Mangu sun ce tsadar taki na neman hana su noma bana. Sun nemi gwamnati ta kawo musu ɗauki." Abin da hoto ya riga ya nuna kuma ba a sake faɗinsa. Idan ana ganin buhunan dankali jibge, kai farashinsu za ka faɗa.

Yawancin labaran Hausa da Turanci suke isowa ɗakin labarai, daga Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ko daga sanarwar ma'aikatu, saboda haka fassara rabin aikinka ce. Hanyar da ta fi ita ce ka karanta labarin har ƙarshe, ka kife takardar, ka faɗe shi kamar gwaggonka kake ba labari, ka rubuta abin da ka faɗa, sannan ka buɗe takardar ka duba sunaye da lambobi. Mai bin Turanci kalma-kalma Hausarsa takan fito da ƙashin Turanci a ciki, a ji kalmomin namu ne amma ba a gane me ake nufi ba.

Gargaɗi: miliyan da biliyan harafi ɗaya ya raba su, kuma nan ne aka fi yin kuskure, don haka ka duba sau biyu. Ka kula da fi'ili ma. "Ya ce" ba ta ɗaukar ɓangare, "ya yi iƙirari" tana nuna kana shakka, "ya amsa cewa" tana nuna akwai laifi. Wanda kotu ba ta yanke wa hukunci ba "wanda ake zargi" ne ko "wanda ake tuhuma", ko da 'yan sanda sun jera shi gaban kamara.

Mataki na 5: Kayan aiki

Waya mai kamara mai kyau ta isa a fara. Bayanta abu na farko da za ka saya shi ne ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, domin mai kallo yakan haƙura da hoto mai ɗan duhu amma ba ya haƙura da sautin da ba a ji. Sai sandar kamara mai ƙafa uku, sai fawabank, fitila a ƙarshe tunda hasken taga kyauta ne. Waɗannan duka yawanci ba su kai kuɗin matsakaiciyar waya ba, kuma ana samunsu a shagunan titin Ahmadu Bello. Ka koyi tace bidiyo da CapCut a waya, daga baya ka koma Adobe Premiere Pro a kwamfuta, wadda tashoshi da dama ke amfani da ita. Akwai kuma manhajojin kyauta masu gungura rubutu a fuskar waya, irin aikin na'urar da ake kira firomta a sitidiyo.

Gargaɗi: ka gwada makirufo da wayarka a cikin shagon kafin ka biya, domin ba kowanne ke shiga kowace waya ba. Kada kuma ka ci bashi ka sayi babbar kamara, tasha tana da tata.

Mataki na 6: Shiga ɗakin labarai

Ƙofa biyu ce a buɗe ga ɗalibi. Ta farko ita ce zaman koyon aiki na SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF mai hedikwata a nan Jos ke kula da shi. Ka kai wasiƙarka NTA Jos ko PRTV, tashar gwamnatin Filato, ko wani gidan rediyo tun da sauran watanni, domin gurbin kaɗan ne masu nema da yawa, kuma kada ka raina rediyo, a can murya da rubutu suka fi nuna. Ta biyu ita ce shekarar bautar ƙasa, inda za ka nemi a tura ka gidan watsa labarai. Alawus ɗin NYSC ya koma naira 77,000 a wata tun 2025, kuma da shi za ka yi lissafi, domin abin da tasha za ta ƙara maka kaɗan ne, wani wurin ma babu.

Idan ka shiga, ka riga kowa zuwa taron safe inda ake raba aiki. Ka ɗauki sandar kamara ka bi wakili, ka zauna kusa da mai tace hoto, lokacin labarai kuma ka roƙi izinin tsayawa a bayan darakta a ɗakin sarrafa shirye-shirye, bakinka alaikum, ka ga yadda ake kiran kamara da bidiyo. Idan edita ya gyara maka rubutu ka ce, "Ranka ya daɗe, a ina na kuskure?", ka ajiye takardar ka kwatanta ta da taka. Ɗan koyon da ya zo ranar farko yana tambayar yaushe za a sa shi a iska, shi ake aika sayen abinci har ya gama wa'adinsa.

Gargaɗi, musamman ga mata: gwajin murya da na kamara a cikin tasha ake yinsu, a lokacin aiki, a gaban mutane. Duk wanda ya ce ki same shi a otal ko a gidansa domin ya gwada ki, ki ƙi, ki ajiye saƙonsa, ki sanar da wata babbar ma'aikaciya ko ƙungiyar mata 'yan jarida ta NAWOJ.

Mataki na 7: Shekarun aikin wakili

Nan ne ake zama ɗan jarida, kuma nan ne masu gaggawa ke zamewa. Ka nemi fanni ɗaya ka riƙe, kotu ko majalisar dokoki ko noma ko lafiya, har ka san mutanensa su ma su san ka. Rahoton talabijin yakan tsaya tsakanin minti ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, kuma ga yadda ake haɗa shi. Ka buga waya ka tabbatar da masu magana kafin ka fita. A wurin, a ɗauki hoto mai faɗi da matsakaici da na kusa, kowanne a riƙe shi kamar daƙiƙa 10 ba girgiza, idan da waya ne a kwantar da ita. A hira ka fara da sa mutum ya faɗi sunansa da muƙaminsa, sannan ka yi tambayar da ba a amsa ta da i ko a'a. Ka tsaya gaban kamara ka faɗi jumla biyu ko uku da ka haddace. Da ka dawo, ka kalli hotunan tukuna kafin ka rubuta, domin rubutu ke bin hoto. Edita ya duba, ka ɗora murya, a tace.

Wanda zai yi wannan aiki a Jos yana da ƙarin nauyi da ya kamata a faɗa ba kwana-kwana. Garin nan ya ga rikici, kuma duk mun san yadda magana ɗaya ke tashi daga wata unguwa ta zama ramuwar gayya a wata kafin la'asar. Idan aka kai hari, ba a faɗin adadin waɗanda suka mutu sai an ji daga majiya biyu da ba su haɗa hanya ba, kamar kakakin 'yan sanda da asibiti ko shugaban ƙaramar hukuma, kuma a jingina kowane adadi ga wanda ya faɗe shi. Ba a laƙaba wa maharan ƙabila ko addini bisa jita-jita, ba a nuna gawa, kuma idan an ji ta bakin shugaban wannan ɓangare dole a nemi na wancan. Bidiyon da aka turo a WhatsApp yana iya zama na wata ƙasa ko na shekarun baya, don haka ka ciro hoto daga ciki ka bincika asalinsa a Google, ka duba ko masu tantance labarai irin su Dubawa sun riga sun yi aiki a kansa. Kafin ka shiga wurin da ake tashin hankali, edita ya san inda kake, katin shaidarka na wuya, ka kuma san hanyar fita.

Dokokin da za ka sani ba su da yawa amma suna cizo. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992, tana da kundin ƙa'idojin watsa shirye-shirye, ka nemi kwafi ka karanta. Ba a watsa yaƙin neman zaɓe a cikin awa 24 kafin ranar zaɓe, kuma hukumar zaɓe kaɗai ke bayyana wanda ya ci. Ba a nuna fuska ko faɗin sunan yaron da aka ci zarafinsa ko ake tuhumarsa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman takardu daga hukumomin gwamnati, su kuma su amsa cikin kwana 7. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama 'yan jarida da shi, saboda haka abin da ba za ka iya karewa a iska ba kada ka rubuta shi a Facebook.

Gargaɗi: bayan taron manema labarai akan miƙo ambulan a ce "ga na mota". Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilori a 1998 sun hana karɓar irin wannan, kuma na san da wuya a ƙi ranar da aljihu ya bushe. Amma wanda ya ba ka yau, gobe idan labarin ya juyo kansa zai kira ka da muryar mai bin bashi, kuma suna irin wannan yana riga mutum isa Abuja.

Mataki na 8: Faifan gwaji da neman aiki

Ka haɗa bidiyon da bai wuce minti 3 ba, wanda ya ƙunshi karatun labarai a zaune, da tsayuwa gaban kamara a fili, da guntun hira, ka kuma fara da wanda ya fi kyau tunda mai dubawa ba lallai ya kai ƙarshe ba. Idan kana da harshe biyu, kowanne da nasa faifan. Takardar bayanin kai shafi ɗaya ta isa. Bayan tashoshin Jos, manyan ƙofofin suna Abuja, inda hedikwatar NTA take a Area 11 na Garki, ga AIT da Trust TV da ofisoshin Channels da Arise da TVC, ga kuma ofishin BBC. A ranar gwaji za a ba ka rubutun da ba ka taɓa gani ba, a tsayar da firomta da gangan a ga yadda za ka yi, a kuma tambaye ka al'amuran yau da kullum. Wanda bai san Majalisar Dattawa kujeru 109 gare ta, ta Wakilai 360, ta dokokin Filato 24 ba, kyan fuska ba zai cece shi ba.

Idan an ɗauke ka, ka nemi takardar kama aiki mai ɗauke da albashi da tsawon lokacin gwaji da batun fansho, wanda doka ta ce mai aiki ya zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi kuma kashi 10. Mafi ƙarancin albashi a ƙasa naira 70,000 ne tun 2024. Ka tambayi ƙananan ma'aikata a asirce ko ana biya a kan kari, domin bin bashin albashi tsohuwar cuta ce a wannan sana'a. Mai komawa Abuja ya lissafa hayar shekara guda a dunƙule, da kuɗin mota daga Nyanya ko Mararaba ko Kubwa ko Lugbe, ya kuma tambaya ko tasha na ɗauko ma'aikatan shirin safe, tunda kafin asuba ake fita.

Gargaɗi: ba a sayen aiki, duk wanda ya nemi kuɗi domin ya samo maka gurbi a tashar gwamnati ɗan damfara ne. Tashar da ta ce babu albashi sai dai ka nemo talla ka ci kaso kuwa, dillali take nema.

Mataki na 9: Ranar da ka hau kujera

Yawanci da taƙaitattun labarai ko na ƙarshen mako ake fara gwada mutum, sau da yawa ranar da mai kujerar bai samu zuwa ba, shi ya sa ake son ka ajiye kayan sawa a ofis. Ka iso da aƙalla awa 2, ka karanta kowane labari da ƙarfi, ka gyara abin da bai zauna a bakinka ba da sanin edita, ka duba jerin labaran tare da furodusa, wato mai tsara shirin. Tufafi su zama masu launi ɗaya. Yadi mai siraran ratsi yana rawa a kamara, fari fat yana ƙyalli, kore kuma yana ɓacewa idan sitidiyon mai koren bango ne. Mace ta ɗaure mayafi ko hijabi yadda ba zai goga makirufo ba, ta cire awarwaro masu ƙara. Namiji ma sai an shafa masa hoda, domin fitilun sitidiyo suna fito da maiƙon goshi. Makirufo kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa ake maƙala shi, a ɓoye wayarsa cikin riga, sannan a sa maka na'urar kunne da darakta zai riƙa yi maka magana.

Ka riƙe kwafin labaran a takarda, kana juya shafi daidai da tafiyar firomta. Na koyi wannan da wuya a wata tasha da na yi aiki. Ina tsakiyar labari na uku rubutun ya tsaya cak, takarduna kuma suna nan a shafin farko yadda na ajiye su. Na ji darakta a kunnena yana cewa "ci gaba, ci gaba", mai kamara ya leƙo ta gefe yana juya hannu, ni kuwa ina lalube, gumi na bin wuyan rigata duk da sanyin ɗakin. Bai fi daƙiƙa 7 ba, amma har gida aka tambaye ni ko lafiya.

Idan mai kula da sitidiyo ya ɗaga yatsu yana ƙirge, ka sauke kafaɗa, ka ja numfashi, ka dubi tsakiyar gilashin kamarar da jar fitilarta ta kama. Fuska ta bi labari, kada murmushin labarin wasanni ya biyo ka cikin labarin rasuwa. In harshe ya sarƙe ka ce "a gafarce ni", ka maimaita kalmar daidai ka wuce, in kuwa kuskuren na suna ne ko adadi, a gyara shi kafin a rufe labaran. Idan labari ya shigo da ɗumi-ɗuminsa, ka faɗi abin da aka tabbatar da wanda ya tabbatar da shi, ka ce ana jiran ƙarin bayani, kada ka cike gurbi da hasashe. A hirar kai tsaye ka saurari amsa, domin tambaya ta gaba daga cikinta take fitowa, kuma ko minista ne a gabanka, "ranka ya daɗe" ba ta hana ka maimaita tambayar da ya kauce wa.

Gargaɗi: makirufo a kunne yake har sai darakta ya ce an fita, saboda haka bayan sallama ka ci gaba da zama kana tattara takardunka, kada ka ce uffan. Daga nan ka wuce wurin mai tace hoto ka karɓi kwafin shirin, ka zauna da littafinka ka kalle shi tun daga kanun labarai kafin ka tafi gida.